Gurjiya Goma Sha Tara

Tun ranar da muka dawo daga asibitin Sumaila,
da takardar da ba mu iya karantawa a aljihunka,
da maganar da muka ji sarai:
hanta ta gaji, Nomau, ƙoƙo ɗaya ya rage tsakaninka da rami,
na kife tukwanen nan uku a bayan rumbu.

Shekara ashirin da biyu ina dafa wa mutanen Gani burkutu,
ina ɗanɗanawa kafin in sayar,
ɗanɗanon da kan kwantar da ni a gindin murhu.
Likita bai dube ni ba,
amma da ni yake.

Kullum rana ta faɗi
sai mu jefa gurjiya ɗaya a ƙoƙon da kake sha da shi.
Yau goma sha tara.

Kwanakin farko hannunka ya ƙi ka.
Na miƙa maka kunun tsamiya,
rabi a baki, rabi a riga.
Cikin dare ka ce kyankyasai sun cika bango.
Na haska tocila, bango fes,
duk da haka na cire takalmi
na kashe maka su ɗaya bayan ɗaya
har ka yi barci.
Ni nawa barcin yaji ya yi.
Ina kwance ina jin harshena kamar busasshen ƙirgi.

Mun yi faɗa a kan gishiri,
a kan akuyar da ta ci ramar Kyauta,
a kan wanda ya bar ƙyaure a buɗe.
Ashe ban san muryarka ta tsakar rana ba,
kai ma ba ka san ina da shiru irin wannan ba.

Ran kasuwa Barmo ya leƙo ta kan danga:
Tambai, yau ma babu?
Na ce babu.
Ya ce kura ta tuba, to a ba ta ajiyar tunkiya mu gani.
Suka kwashe da dariya suka wuce gidan Lanti.
Asusuna ya daina ƙara.
Ƙosan da na fara soyawa
ribarsa ba ta kai kuɗin mai ba.

Bari in faɗi wadda ban so faɗa ba.
Daren sha huɗu na farka a tsaye,
hannuna cikin ruwa, dawa mudu biyu a jiƙe.
Ban aike su ba, su suka san hanya.
Na rufe da buhu na yi shiru.
Kwana uku ta tsiro, fari fat, kamar haƙoran jariri.

Ka ɗaga buhun, ka daɗe kana kallo.
Ba ka ce uffan ba.
Ka hau rumbu, ka zura hannu can ƙasa,
ka fito da gora cike, bakinta toshe da totuwa.
Muka tsiyaye ta a gindin ɗorawa,
ƙasa ta shanye,
mu kuma muka tsaya muna shaƙar warin
fiye da yadda ya kamata.

Tsiron nan kuwa, ka kwashe a ƙwarya,
ka bi kunya-kunya inda shuka ta ƙi,
kana cike gurbi da diddige.
Na ce damina ta yi nisa.
Ka ce ko kara aka samu, na danga ne.

Gobe gayyar Ranau.
Za a girke tukunya a inuwa, ƙoƙo zai zaga,
sai ya iso kanka, sai ya iso kaina.
Na dafa zoɓo na cika jarka, na zuba citta har tana yaƙushin maƙogwaro.
Gurjiyar gobe tana ƙulle a bakin zanena.
Ban jefa ba tukuna.